Taurari a Cikin Ƙwarya

Na je Sabon Gari in taya bishiyar roba.
Mai shago ya faɗi kuɗi, na ce ya sake faɗa.
Ya sake. Na haɗiye miyau,
na sayi allura da zare, na kamo hanyar Wusasa.

Inna Kande na bakin murhu tana tsince barkono.
Ta ce, "Briskila, hannu biyu kika dawo da su?
To ai su ne kayan adon."

Filibus ya saro reshen dalbejiya a bayan gida,
muka kafa shi a tsohon bokitin fenti,
muka danne da yashi da tsakuwa.
Ya karkace hagu kamar mai ciwon ƙugu.
Muka bar shi. Kowa da irin tsayuwarsa.

Goruba bakwai, mun shafe su da shuni da farar ƙasa.
Marafan lemo, Filibus ya daddake da dutse,
ya huda da ƙusa, ya rataya;
in iska ta shigo sai su kama ƙus-ƙus
kamar 'yan matan bencin baya a majami'a.
Jan barkonon Inna mun saci ashirin, mun jera a zare.
Ta gani sarai, ta juya tana gyara itace.

Kalandar bara muka yayyanka,
wata goma sha biyu suka koma sarƙa
daga taga zuwa ƙusar hoton Baba.
Watan da ya tafi, ni na yanka shi,
na liƙe da koko, ban ce wa kowa ba.

Maman Zulai ta leƙo ta katanga bayan la'asar,
ta ce, "Wannan bango naku tsirara yake."
Ta aiko da faifai uku masu ja da kore.
Aro ne, in ji ta,
amma kada su kuskura su dawo babu cincin a kai.

Komin jariri kwalin sabulu ne.
Maryamu da Yusufu na yumɓu, ginin ƙaramar Tabita,
kan Yusufu ya fi jikinsa.
Jaririn kuwa totuwar masara
cikin ƙyallen atamfar da tela ya zubar.
Harawar da muka shimfiɗa, akuya ta shigo ta ci rabi.
Inna ta ce a ƙyale ta,
can ma ai dabbobi ne suka fara zuwa barka.

Tabita ta ɗauko auduga ta tsaya:
"A talabijin fari suke sawa a reshe, wai ƙanƙara."
Inna ta ce, "Mu ba mu san ta ba.
Wannan daga gonar kakanki take, ta hanyar Giwa.
Ɗora ta, ita ma ta zo biki."

Daren jajibere aka ɗauke wuta.
'Yan ƙwayayen da Filibus ya aro suka yi shiru,
Tabita ta fara jan hanci.
Inna ta laluba ta ɗauko ƙwaryarta mai tsagi,
wadda ta sha damun fura tun kafin a haife ni,
ta gasa ƙusa a garwashi,
tsul, tsul, tsul, ƙaurin duma ya cika ɗaki,
sannan ta kifa ta a kan tocila.

Sai rufin kwanonmu mai tsatsa ya cika da taurari.
Tsagin nan da muke ce mata ta yar da ƙwaryar dominsa,
shi ya ja dogon haske har kan komi.
Tabita ta nuna da yatsa: "Ga wanda suka bi."

Can ƙasan layi matan zumunta na gwajin murya,
tulu na amsa musu.
Muka kwanta rigingine a tabarma muna ƙirge,
Filibus ya kai arba'in da ɗaya ya ɓace.
Inna ta bar mu har muka gaji, sannan ta ce,
"To masana taurari, shinkafar gobe ba ta tsince kanta."